Yadda ake zaɓen maganin cire ɓurɓushin ƙarfe daga fentin mota, da yadda ake aiki da shi a zafin Kebbi

Farar mota ce ke fara tona wannan matsala. Za a wanke Hilux ko Corolla tas, ta bushe, sai ka matso kusa ka ga ƙananan ɗige-ɗige masu ruwan tsatsa a ƙasan ƙofofi, da bayan tayoyi, da murfin but. Sabulu ba ya fitar da su, in kuma ka dage da dirza sai ka ƙara wa fentin zane. Baƙar mota ma tana da su, ido ne ba ya gani, amma hannu yana ji.

Ɓurɓushin ƙarfe ne. Faifan birki da baƙin ƙarfe ake zuba shi, kuma duk lokacin da aka taka birki, shi da fad ɗin da ke matse shi suna cin juna, ƙura mai zafi ta tashi ta sauka a kan wili da jikin mota. Ba birkinka kaɗai ba, har na wanda ke gabanka. Motar da ke bin tirela da tankar mai a hanyar Jega zuwa Koko da Yawuri tana kwasar rabonta kullum. Haka wadda ake fakawa kusa da masu walda, ko a garejin da fanel bita ke yanka da giranda. Tartsatsin nan da kake gani ƙarfe ne mai zafi, kuma inda ya sauka nan yake nutsewa. Motocin Beljiyam kuwa da yawa da kayansu suke isowa, saboda zaman da suka yi a tashar jirgin ruwa da tafiyar da suka yi a bayan tirela.

Shafi na sama mai ƙyalli, wanda masu fenti ke kira kiliya, kaurinsa a motar kamfani yana tsakanin maikiron 35 zuwa 50, wato bai wuce rabin kaurin takardar A4 ba. Ɓurɓushin yana kafewa a ciki, raɓa ko ruwan damina ya taɓa shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya ƙara faɗaɗa ramin da yake zaune. Shi ya sa ake so a narkar da shi da magani maimakon a kankare shi da ƙarfi.

Fara gane abin da ya manne

Kuɗi da yawa na tafiya a banza a nan, domin maganin ƙarfe ƙarfe kaɗai yake ci. Wanke motar, ka shanya ta, ka zura hannunka cikin siririyar farar leda, ka shafa bonet da ƙasan ƙofa a hankali. Ledar tana ƙara wa yatsa ji. Idan ka ji gurje-gurje, akwai abin da ya kafe. Sai ka duba da ido a wuri mai haske.

Ɗigo mai ruwan lemo ko ruwan ƙasa wanda farce ba ya ɗaga shi, ƙarfe ne. Baƙin ɗigo mai danƙo a bayan taya da gefen ƙasa, kwalta ce, maganinta daban. Fararen zobba a gilas da rufi, gishirin ruwan burtsatse ne da ya bushe a rana, shi ma maganin ƙarfe ba ya taɓa shi. Ɗigo mai sheƙi a rufi da bonet na motar da ke kwana ƙarƙashin dogon yaro, ƙaron itace ne. Gurjin da ya rufe mota gaba ɗaya har gilas bayan ta kwana a garejin fenti, hazon fenti ne, yumɓun goge mota, wani abu mai laushi da ake murzawa a kan fenti ya kwashe abin da ya manne, shi ke cire shi.

Jar ƙasa tana tsakiya. Launinta daga tsatsar ƙarfen da ke cikinta yake, don haka idan ta rina farin fenti ko ƙasan bamba, maganin ƙarfe yana taimakawa, amma bayan an wanke ƙasar kanta. In ka fesa a kan motar da ke da ƙura, za ka ga ta yi shunayya ko'ina ka ɗauka aiki ake yi, alhali maganin ya ƙare a kan ƙurar da ruwa kaɗai zai iya sauke ta.

Maganin da ke sauya launi

Wannan shi ne na farko da ya kamata mai mota ya nema don jikin fenti. A jikin kwalba za ka ga an rubuta iron remover ko fallout remover, tare da pH neutral, ma'ana ba asid ba ne, ba kuma mai kaifin soda ba. Ka juya bayan kwalbar ka nemi sodium thioglycolate ko ammonium mercaptoacetate. Wannan sinadari shi ne ke kama ƙarfe ya mayar da shi abin da ruwa zai iya wankewa, kuma haɗuwarsu ce ke ba da launin shunayya da ke gangarowa. Yana wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai saboda farar wuta da ke cikinsa. Ko da kamfani ya sa ƙamshin lemo ko ceri, warin yana nan a ƙasa. Sanannun sunaye a wannan layi akwai CarPro IronX, Gyeon Q²M Iron, Gtechniq W6, Koch Chemie Reactive Rust Remover da Bilt Hamber Korrosol.

Abin da ya raba su a wurinmu ba suna ba ne, kauri ne. Mai ruwa-ruwa yana bazuwa da sauri, yana shiga lungu, kuma kwalba ɗaya tana kai nisa. Matsalarsa gangarowa daga ƙofa kafin ya gama aiki, da saurin bushewa. Waɗanda suka rubuta minti 3 zuwa 5 a jikin kwalba ba da zafin Birnin Kebbi na watan Afrilu suka auna ba, lokacin da iska ke haura digiri 40, jikin baƙar motar da ke rana kuma ya wuce haka nesa ba kusa ba. A irin wannan yanayi mai ruwa-ruwa kan fara bushewa kafin minti 2. Hunturu ma haka yake, ko da akwai sanyi, domin iskar ba ta da laima ko kaɗan.

Mai kauri, wato jel, yana manne wa ƙofa da wili, yana daɗewa da danshi, don haka yana samun lokacin cin ƙarfen da ya nutse. Yana cin kwalba, yana kuma buƙatar ruwa mai yawa wajen ɗauraya. A ganinmu, wanda zai sayi kwalba ɗaya tak a Kebbi ya sayi mai kauri. Mai ruwa-ruwa ya fi dacewa da gidan wankin da ke da rumfa da injin feshin ruwa da mutum biyu a kan mota, ko lokacin damina da iska ke da laima.

Akwai kuma mai kaurin man shafawa da ake ɗigawa a kan ɗigo ɗaya-ɗaya da suka ƙi fita. Ba na mota gaba ɗaya ba ne, na wurin da tartsatsin walda ya sauka ne.

Na wili, na haɗe, da na sabulu

Maganin wili mai sauya launi, irin Sonax Full Effect ko Bilt Hamber Auto-Wheel, sinadarinsa na cin ƙarfe ɗaya ne da na sama, amma an ƙara masa masu yanke maiƙo domin dattin wili ya haɗa da mai da giris. A wili ya fi na fenti aiki. Kada ka kai shi jikin mota sai in kamfanin ya rubuta cewa ya halatta, domin yakan cinye waks, wato man kariyar da ake shafa wa fenti, ya bar sawu a baƙar roba. Akasin haka babu laifi: na fenti yana aiki a wili in an fara wanke maiƙon.

Wanda aka haɗa maganin ƙarfe da na kwalta a kwalba ɗaya, kamar CarPro TRIX, yana rage aiki ga motar da ta bi sabuwar kwalta kuma dattinta bai yi tsanani ba. Sai an girgiza shi sosai domin yana rabuwa biyu in ya zauna. Idan motar ta shekara ba a taɓa yi mata ba, raba aikin: na kwalta da farko, a ɗauraye, sannan na ƙarfe. Kwalta tana rufe ɓurɓushin, magani ba ya kai gare shi.

Sabulun wanki mai ɗan maganin ƙarfe a ciki na kiyayewa ne bayan an yi babban aiki. Ba zai fitar da tsohon ɗigo ba.

Asid

Nan ne ake yi wa motoci ɓarna. Akwai maganin ƙarfe na asid na gaskiya, galibi mai oxalic acid, wanda ake amfani da shi a manyan motoci da motocin da tsatsa ta rufe sosai. Yana da arha, yana da ƙarfi, ba ya sauya launi, don haka ba ka ganin inda yake aiki. Ana surka shi daidai yadda kamfani ya rubuta, kuma in ya bushe a jiki yana barin tabo a roba, da alminiyom, da kwalliyar kurom. Aikin gwani ne, a farar bas ko a-kori-kura mai fentin kamfani, ba na mai koyo ba.

Sai ruwan da ake sayarwa a gora ko jarka babu takarda, ana ce masa asid na wanke wili. Ba ka san abin da ke ciki ba, mai sayarwa ma sau da yawa bai sani ba. Wasu masu wanke alminiyom suna ɗauke da hydrofluoric acid ko ammonium bifluoride. Wannan yana cin gilas, yana dusashe wili, kuma yana ratsa fata ya shiga nama ba tare da an ji zafi nan take ba. Zafin kan zo bayan sa'o'i, ya riga ya yi illa. Idan ya taɓa mutum, a cire tufar, a kwarara ruwa aƙalla minti 15, a tafi asibiti da gorar a hannu ko da ba a ji komai ba. Masu gidan wanki su ji tausayin yaran da ke aiki da hannu tsirara su daina sayen wannan abu. Ruwan batir da ruwan wanke tayil ma ba su da hurumi a jikin mota. Kuma kada a taɓa haɗa kowane asid da bilic, iskar da ke tashi guba ce.

Yumɓu ba madadin magani ba ne

Yumɓun goge mota, wanda ake sayarwa da sunan clay bar, ko tawul da safar hannu masu fuskar roba da ke aikinsa, yana yanke kan abin da ya fito sama da fenti. Gindin da ya nutse yana nan, zai sake tsatsa. Ƙari a kan haka, in ka fara da yumɓu, ɓurɓushin da ya kwasa shi zai riƙa ja a kan kiliya yana zane. Magani da farko, yumɓu mai laushi daga baya don abin da ya rage.

Duba irin fentin motarka

Motoci da yawa a hannunmu an sake musu fenti, ko duka ko ƙofa ɗaya. Fentin gareji da bai ƙone sosai ba, ko wanda aka fesa ba kiliya, ko tsohon da rana ta cinye har yana barin gari a hannu, yana iya shan launin maganin. Gwada a wurin da ba a gani, kamar ƙasan bamba ta baya, faɗin tafin hannu, minti 2, ka ɗauraye ka duba a haske. Sabon fenti a bar shi ya yi aƙalla kwana 30, ko abin da mai fentin ya ce in ya fi haka. Inda kiliya ta fara ɓarewa a rufi ko bonet, kewaye wurin. Wilin alminiyom da aka goge ba a shafa masa komai ba, da kwalliyar kurom mai arha, da sitika marar ƙyalli, duk a gwada tukuna.

Kayan aiki da lokaci

Kwalba mai mil 500 tana isar mota irin Corolla ko Camry, jiki da wili huɗu, har a samu ragowa in ba a yi ɓarna ba. Jiki yakan ci mil 150 zuwa 250, wili kuma kamar mil 30 zuwa 40 kowanne. Hilux ko Hiace a ƙara rabin haka. Yawancin magungunan nan a shirye suke zuwa, ba a surka su. In ka ƙara ruwa don ya yi auki, ƙarfinsa ka rage.

Ka tanadi bokiti biyu, sabulun mota, safar wanki mai laushi, tawul maikurofaiba 3 ko 4, burushin wili mai laushi, safar hannu ta roba, tabarau da takunkumi. Ruwa shi ne babba. In babu famfo mai ƙarfi, a ajiye aƙalla jarka 6 masu lita 25 kafin a buɗe kwalba. Ƙarewar ruwa ana tsakiyar aiki ita ce hanya mafi sauƙi ta ɓata fenti.

Lokaci mafi kyau bayan sallar asuba zuwa ƙarfe 8, domin ƙarfen mota ya huce cikin dare. Yamma ba ta kai safiya ba, jikin mota da simintin ƙasa suna riƙe da zafi har bayan magariba. A yi a inuwar rumfa ko gini, inda iska ke wucewa, ba cikin rufaffen gareji ba. Ɗora bayan hannunka a bonet da wili. In ka ji ɗumi, jira. Motar da ta dawo daga tafiya a ba ta awa ɗaya, kuma kada a watsa ruwan sanyi a faifan birki mai zafi.

Yadda ake yi

Fara da wili, ɗaya bayan ɗaya. Kwarara ruwa ya sauke ƙasa, fesa magani ya rufe fuska da cikin wilin, jira minti 2 zuwa 3, bi lungunan da burushi, ɗauraye har ruwan ya fito fari. Burushi da bokitin wili kada su kusanci fenti.

Sai jiki. Sauke ƙura da ruwa kafin soso ya taɓa motar, musamman a hunturu. Wanke da bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso, daga rufi zuwa ƙasa. Idan akwai kwalta, cire ta yanzu da maganinta, ka sake wanke wurin.

Kamfanoni da yawa sun fi son a fesa a busasshen jiki domin ruwa yana surka maganin. A zafinmu ka tsane yawancin ruwan ka bar ɗan danshi; ƙarfin da ka rasa kaɗan ne, lokacin da ka samu kafin ya bushe ya fi shi amfani.

Kada ka zagaye motar da feshi. Ɗauki ɓangare biyu kawai, misali ƙofar gaba da ta baya. Girgiza kwalba, riƙe ta kamar santimita 20 daga jiki, fesa daga ƙasa zuwa sama domin kada ya gangaro a busasshen wuri ya bar layi. Shafi siriri da ya rufe ko'ina ya wadatar. In kana son tattali, fesa sau 4 ko 5 a ƙofa ka baza da soso mai laushi mai danshi.

Cikin minti ɗaya ɗige-ɗigen za su fara zubar da shunayya. A baƙar mota ko shuɗiya ba za ka gani a jiki ba, duba ruwan da ke ɗiga ƙasa. Tsaya a wurin, idonka a kan gefuna da saman ƙofa, nan ne ke fara bushewa. Da ka ga ƙyallin danshi na gushewa, yayyafa ruwa kaɗan ko ka ɗauraye gaba ɗaya, ko lokaci bai cika ba. Bayan minti 2 zuwa 3, shafa da soso mai danshi a miƙe, ba tare da dannawa ba, sannan ka ɗauraye daga sama zuwa ƙasa. Dage da ruwa a hannun ƙofa, ƙasan madubi, tambarin mota, robar gilas da murfin tanki, domin abin da ya ɓuya a nan zai fito daga baya ya zana layi.

Bonet da rufi a bar su ƙarshe kuma a yi su ɗaya-ɗaya. Bayan mota, wato but da bamba, ya fi ko'ina tara ƙarfe saboda yadda iska ke juyawa a nan, yawanci sai an maimaita.

Don sanin ko an gama, sake fesa kaɗan a wurin da ya fi muni. In launi ya fito, maimaita. Zagaye biyu gajeru sun fi ɗaya mai tsawo. Bayan na uku, abin da ya rage na yumɓu ne: fesa ruwan sabulu mai santsi sosai, murza yumɓu ya yi faɗi, goga a miƙe da nauyin yatsu kawai, ninke shi duk bayan ɓangare ɗaya. In ya faɗi ƙasa, jefar da shi, ya kwashi yashi.

Sake wanke motar da sabulu, tsane da tawul nan take kafin ruwan burtsatse ya bar zobba, ka sake gwajin leda. Sannan a shafa waks ko wani abin kariya a ranar, domin wanda ke kai ya raunana. Mota mai shafin seramik, wato shafin kariya mai tauri da ke daɗewa a kan fenti, ba ta buƙatar sabon shafi. Maganin ma yakan dawo mata da tsallen ruwa da ɓurɓushi ya toshe, amma a guji yumɓu a kanta sai dole.

Abin da kan lalace

Magani ya bushe ya bar tabo: kada ka kankare. Jiƙa wurin da sabon feshi kaɗan ko ruwan sabulu, jira rabin minti, shafa, ɗauraye. In inuwar tabon ta rage, folish mai laushi zai ɗauke ta.

Wuri ɗaya yana ta zubar da shunayya ko sau nawa aka fesa: duba da kyau, dutse ne ya fasa fentin har ƙarfen mota ya fito, ko tsatsa ce ke tasowa daga ƙarƙashin bodi fila. Magani ba zai warkar da wannan ba, a busar da wurin a kai wa mai fenti.

Ɗigon ya fita amma ya bar ɗan rami ko inuwa: tartsatsin ya ƙona kiliya. Folish da inji kan rage shi, amma kowane folish yana cin wani abu daga kaurin nan da bai da yawa, don haka a motar da aka sha gogewa gara a haƙura da ramin.

Faifan birki ya yi ja bayan wanki: wannan ba komai, tuƙa a hankali ka taka birki sau kaɗan kafin ka hau babban titi, zai goge kuma birkin ya bushe.

Babu launi sam: ko motar ba ta da ƙarfe, ko maganin ya mutu, ko jabu ne. Ɗiga shi a kan ƙusa mai tsatsa ko cikin wili mai datti. Na kirki zai rine nan da nan. Zafi da iska suna kashe sinadarin, don haka kada kwalba ta zauna a but ko a rana. Bayan aiki cire kan feshin, ɗauraye shi, mayar da murfin asali, ajiye a ɗaki mai sanyi inda yara ba sa kaiwa.

Ruwan da ya gangaro yana rina siminti da intalok, don haka jiƙa ƙasa kafin ka fara, ka kore shi da ruwa bayan ka gama. Kada ya taru inda awaki da kaji ke sha, ko ya bi hanyar rijiya. Ga masu wanki a bakin gulbi a Argungu ko Yawuri, wannan aiki ba na bakin ruwa ba ne.

Motar gida da ke yawo cikin gari sau biyu a shekara ya ishe ta: sau ɗaya kafin ruwan farko, wajen watan Mayu, domin kada damina ta samu ƙarfe a jikin fenti, sau ɗaya kuma bayan ɗaukewar ruwa a Oktoba. Motar haya da ke bin manyan hanyoyi, ko wadda ke kwana kusa da masu walda, a yi mata gwajin leda duk wata uku, wili kuma duk wata ɗaya ko biyu.